Ranar da Na Kusa Sa a Farfasa Kakan Dage

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan. Na manta launin rigar da na sa ranar ɗaurin aurena, jiya ma sai da na yi rabin awa ina neman hular da ke kaina. Amma ranar da na kusa sa a ɗora wa kakan dage guduma a kan iyakar Jibiya, wannan kam ko tsufa ya zo ya share mini kai da tsintsiya, zai tarar da ita a manne ta ƙi fita. Waɗanda suka san ni sun san ina ƙara wa magana gishiri. In na ga ɓera a rumbu, kafin in iso majalisa ya zama ɗan akuya. To, ku kwantar da hankalinku, wannan labarin gishirin da na zuba masa bai wuce tsunkule biyu ba, uku in an matsa.

Shekarun nan ne da kuɗin mai ya ɓalle wa ƙasar nan kamar an fasa tulu. An daina fam da sule an koma naira, an daina tuƙi ta hagu an koma dama, masinja ma yana yawo da rediyo a kafaɗa kamar mai goyon jariri. A Magama, inda shingen kwastan yake, motoci ba su yankewa. Masu hawa arewa suna ɗauke da siminti da sukari da atamfa da gangunan fetur, masu gangarowa daga Maraɗi kuma wake ne da kanwa da shanu. Ni kuwa ina da ɗan teburina a gindin wata bishiyar dogon yaro daura da ofis, ina cike wa direbobi takardu. Ba ma'aikacin gwamnati ba ne ni, amma in ka ga yadda nake soke biro uku a aljihun gaba, sai ka rantse ni na zana iyakar da hannuna.

Abin da ya ɗaga ni sama da sauran masu cike takardu shi ne Faransanci. Kowa a Magama ya san ina jin Faransanci, domin ni na gaya wa kowa. Gaskiyar magana kuwa, in ka tattara duk Faransancina ka zuba a ludayi, sai ka ƙara ruwa kafin ya cika. Na iya gaisuwa, na iya godiya, na iya zagi biyu da wani direban Zandar ya koya mini. Shi ke nan. Amma ina da dabara. In aka miƙo mini takardar Nijar, sai in ɗaure fuska, in bi layukan da yatsa, in saci kallon motar ta wutsiyar ido. In na hango buhunan wake, sai in ce takarda ta ce wake ne. In na ji kukan sa, sai in ce ta ce shanu. Shekara biyu ina wannan aiki, ban taɓa yin kuskure ba ko sau ɗaya.

Shugaban kwastan na wurin a lokacin, wanda kowa ke kira Oga, mutumin ƙasar Filato ne, tsohon soja, ya yi yaƙin basasa ya dawo da tabo a wuya da ƙin jinin duk wani abu mai kunama. Gashin bakinsa kaɗai ya isa ya tsayar da mota. Amma mutum ne mai kirki, ranar Kirsimeti har shinkafa yake aiko mana. Ba ya jin Faransanci ko na gaisuwa, don haka duk takardar da ta gagare shi sai ka ji ya ƙwala kira, “Tafinta!” Ni kuma in taso ina taku ɗai-ɗai, ina gyara birona.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, da hantsi. Wata motar wake ta tsaya, sai ga wani dattijo yana saukowa daga gaba a hankali, da baya-baya, rungume da wani akwatin katako a ƙirjinsa. Siriri ne, fari tas gemunsa, rigarsa shuɗiya ta sha wanki har ta koɗe. Direban ya ce mana tun daga Maraɗi akwatin nan yana kan cinyarsa, ko da aka tsaya shan ruwa bai ajiye shi ba, in mota za ta faɗa rami sai ya ɗaga shi sama kamar mai riƙe da ƙwaryar nono.

Oga ya fito, ya dubi akwatin, ya ce, “Baba, mene ne a ciki?”

Dattijon ya rusuna ya ce, “Ranka shi daɗe, kayan Mushe ne.”

Oga ya ja baya taku biyu ya toshe hanci. “Mushe? Ka ɗauko mushe tun daga Nijar ka kawo mana? Namu bai ishe mu ba?”

Duk wurin aka tuntsire da dariya. Na matso da sauri na yi bayani, domin wannan kam na sani. A Nijar, malamin makaranta ko Bature mai karatu shi ake kira Mushe, girmamawa ce, ba dabbar da ta mutu ba a yanka ba. Oga ya saki hancinsa, ya ce Allah ya kyauta ƙasar da ake girmama mutum da mushe. Dattijon ma ya yi murmushi, ya zaro wata takarda daga aljihu mai hatimi har uku, ya miƙa. Oga ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya miƙo mini.

Nan fa dabarata ta ƙare. Babu buhu, babu kukan sa, akwati ne a rufe da ƙusa. Na bi layi na farko da yatsa, babu kalmar da ta gaishe ni. Na biyu ma haka. Mutane sun taru, ranar kasuwa ce, ga mata masu fura, ga 'yan kamasho, kowa ya zuba mini ido. Gumi ya fara bin bayana. Can a layi na huɗu sai na ci karo da wata kalma da na ga kamar na santa. A shingen Nijar na Ɗan Isa akwai wani allo da aka zana bindiga a jiki aka ja mata jan layi, a ƙarƙashi an rubuta fusil. Na sha ganin allon nan har kalmar ta zauna mini. Ga ta nan a takardar dattijo, ta fara da harafin da waccan ta fara, ta ƙare kusan yadda waccan ta ƙare. Ban tsaya ƙirga na tsakiya ba.

Na ɗaga kai, na gyara murya yadda na bayan taro zai ji, na ce, “Oga, takarda ta ce bindiga ce.”

Wallahi kafin in rufe baki, filin nan ya zama kamar an share. Mai fura ta bar ƙwaryarta, wani ɗan kamasho mai ƙiba ya shige ƙarƙashin motar wake, har yau ba mu san yadda aka yi ya fito ba. Gashin bakin Oga ya miƙe.

Dattijon ya ce, “Subhanallahi! Wace bindiga? Ranka shi daɗe, ƙashi ne. Ƙashin dabba ne da ya zama dutse. Fosil ake ce mishi.”

Ni kuwa da na riga na hau dokin ƙarya, sai na ƙara masa ƙaimi. Na ce, “Ka ji ko, Oga? Ya faɗa da bakinsa.”

Aka shigar da shi ofis, aka zaunar da shi a benci, wani kurtu ya tsaya a kansa. Oga da kansa ya ɓanɓare murfin akwatin. A ciki akwai garin katako, a ƙarƙashinsa auduga, a cikin audugar kuma wani farin dunƙule mai tsayi kamar burodin sule, an lulluɓe shi da irin farar ƙasar nan da ake ɗaure karaya da ita a asibiti. Oga ya ɗaga ya ji nauyi, ya kara a kunne, ya ce ya gane. Ƙaramar bindiga ce aka binne a ciki don kada a gani, a yaƙi ya ga irin wannan wayon da ya fi haka. Dattijon ya roƙa a ba shi ruwa da 'yar wuƙarsa da ke cikin jaka, ya ce zai buɗe a hankali kowa ya gani, ba zai wuce rabin awa ba. Oga ya ce bai taɓa jin inda aka miƙa wa wanda ake tuhuma wuƙa ba. Ya juya ya ce wa kurtun ya tafi garejin bakin kasuwa ya aro guduma, babba.

Na ga fuskar dattijon nan ta canza. Da aka ce bindiga bai firgita haka ba, da aka zaunar da shi a bencin masu laifi bai firgita haka ba. Ya ce, “Ranka shi daɗe, ku ɗaure ni in kuna so, ku kai ni Katsina, amma kada ku sa mishi guduma. Bugu guda ya zama gari, kuma babu wani irinshi da za a ɗauko a maye.” Oga ya ce in ƙashi ne ai ƙashi bai ƙare a mahauta ba.

Allah ya taimake ni, ranar kasuwa ce, bakanike na can ƙarƙashin wata tirela da gudumarsa, sai da aka jira shi. Azahar ta yi muna jira. Dattijon ya nemi izinin alwala, Oga ya ce in raka shi bayan ofis, tun da ni na tono asirinsa. Na ɗauki buta biyu muka zagaya. Ina ta shirin ya zage ni, har na tanadi amsa. Sai da muka idar da salla, muna zaune a kan tabarma, ya zaro goro ya ɓare, ya miƙo mini babban ɓarin.

Ya ce, “Ɗana, kai ɗan wane gari ne?”

Na ce nan Jibiya. Ya ce yana da 'yar'uwa da aka aura a Riƙo shekarun baya, wataƙila ma mun haɗa dangi. Daga nan ya shiga ba ni labari, ba tare da na tambaya ba. Asalinsa mai haƙar rijiya ne. Wani Bafaranshe malami mai binciken ƙasusuwan dā ya ɗauke shi aikin tono, da ya ga hannunsa ba ya rawa sai ya zaunar da shi a ɗakin aikinsa a Yamai. Wannan dunƙulen, Mushen ya taho da shi ne daga can ƙasarsu, inda aka tono shi a wani ramin yumɓu. Dutse ne kawai a lokacin, sai ɗan bakin haƙori da ya leƙo. Dattijon nan ya zauna da allura da burushi yana cire dutsen ƙwaya-ƙwaya daga jikin ƙashin.

Ya ce, “Wata bakwai, ɗana. Wata rana tun safe har la'asar abin da zan cire bai cika farcen ga ba. In na yi atishawa sai na juya baya. Idona na hagu a kanshi ya rage gani.”

Yanzu kuma an aiko shi ya kai wa wani malamin jami'a a Zariya, wanda ya tara kawunan dabbobin dajin ƙasarmu, don a jera haƙoran a auna a gani. Mushen ba shi da lafiya, ya ce ba zai ba gidan waya ba, ba zai ba direba ba, sai wanda ya san wahalar abin.

Ya tauna goronsa, ya dube ni ba tare da wani fushi ba, ya ce, “Ni ban yi lakwal ba, ban iya karatun boko ba, ban san abin da aka rubuta ba. Kai ka iya. In ka ce bindiga aka rubuta, wataƙila Mushe ya yi kuskure. Amma don Allah ka sake duba mini, ko da sau guda.”

Takardar tana aljihuna. Na zaro ta, na nemo layi na huɗu, wannan karon na ƙirga haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan aji ɗaya. Fossile. Bakwai. Ta allon Ɗan Isa biyar ce. Goron da ke bakina ya koma kamar gawayi.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa mini a rai ba tausayin dattijon ba ne, tausayin kaina ne. In na yi shiru, za a fasa dunƙulen, a ga babu bindiga, in ce ai Faransawa ne suka rubuta ba daidai ba, wa zai ƙaryata ni a Magama? In kuwa na buɗe baki, shi ke nan, Tafinta ya mutu. Teburina, birona uku, yadda direbobi ke cewa “a kira mai Faransanci”, yadda nake shiga majalisa a matsa mini wuri, duk sun tafi. Na dubi dattijon, ya sunkuyar da kai yana jan carbi da yatsun nan nasa masu kaushi. Bai ce na yi ƙarya ba. Cewa ya yi wataƙila maigidansa ne ya yi kuskure, don kawai kada ya kunyata ni. Wannan ya fi mari zafi.

Muna komawa ofis sai ga kurtu da guduma a kafaɗa, irin wadda ake cire tayar tirela da ita. Mutanen da suka gudu ɗazu duk sun dawo, sun cika taga da ƙofa, domin mutanenmu suna tsoron bindiga amma sun fi tsoron a ba da labari ba su gani ba. Oga ya sa aka ɗora dunƙulen a kan dakalin siminti, ya naɗe hannun riga, ya karɓi gudumar. Dattijon ya rufe ido.

Na ce, “Oga, dakata.”

Ya dube ni da guduma a sama.

Na ce, “Ba bindiga aka rubuta ba.”

“To me aka rubuta?”

“Ban sani ba.”

“Ba ka sani ba kamar yaya?”

Na ce, “Oga, ni ba na jin Faransanci.”

Oga ya sauke gudumar a hankali, ya jingina ta da bango, ya zauna a kan kujerarsa. Ya ce, “Tafinta, shekara biyu kana karanta mini takardu. Me kake karantawa?”

Na ce, “Motar nake karantawa, Oga. In na ga wake in ce wake.”

Wani daga taga ya fara ƙyalƙyalewa, sai dariya ta kama kowa kamar gobara. Direban motar waken ya riƙe ciki yana cewa ashe shi ya sa duk lokacin da ya rufe kayansa da tamfol sai in ce rubutun bai fito sosai ba. Oga ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, gashin bakinsa yana rawa, daga ƙarshe ya kifa kai a tebur yana dukan sa da hannu. Ni kuwa ina tsaye, ina roƙon ƙasa ta tsage ko da ɗan kaɗan ne in sa ƙafa ɗaya.

Da ya samu numfashi, Oga ya share hawaye ya ce duk da haka aiki aiki ne, sai ya ga abin da ke ciki. A ba Baba wuƙarsa da ruwa.

Ban taɓa ganin hannu ya yi aiki kamar na dattijon nan ba. Ya shimfiɗa rawaninsa a kan tebur, ya ɗora dunƙulen, ya jiƙa gefensa da ɗan tsumma, ya riƙa bin wani layi da bakin wuƙa a hankali kamar wanzami a kan jariri. Mutum fiye da hamsin a wurin, babu mai motsi. Can sai farar ƙasar ta rabu biyu kamar ƙwaryar goriba. Ya ɗage auduga, sai ga shi.

Muƙamuƙi ne na ƙasa, ɓari guda, tsawonsa ya kai tafin hannuna har da ɗan ƙari. Launinsa ja-ja baƙi-baƙi kamar tsohuwar tukunya, yana ƙyalli. Ga fiƙa a gaba mai kaurin babban yatsa, ga wani haƙori a baya mai kaifi kamar bakin almakashi. Oga ya miƙa yatsa ya ɗan ƙwanƙwasa gefen da farce, ya ji ƙarar dutse. Ya ce, “Kai! Baba, wannan kare ne ko kura?”

Kafin dattijon ya amsa, wani mutum ya kutso daga ƙofa. Wani mai zuma ne daga Gangara da ke kawo zumarsa duk ranar kasuwa. Ya sunkuya ya ƙura wa haƙoran ido, ya juya kai hagu ya juya dama, sai ya ja tsaki ya ce, “Na san wannan ɗan banzan. Dage ne. Aradu dage ne! Bara na kashe wani da ya cinye mini amya shida, kansa na nan rataye a gidana. Ga haƙorin nan na baya, irinsa ne sak. Amma wane irin dage ne wannan? Ya kusa biyun nawa.”

Dattijon ya yi wani murmushi da ban ga irinsa a fuskarsa ba tun safe. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Abin da za a tahi Zariya a auna ke nan, ga shi kai ka gani da ido.” Sai ya yi mana bayani, Oga ya tallafe haɓa kamar ɗalibi. Ya ce dagen da muka sani, wannan gajeren mai farin baya da ke fasa amya ya sha zuma ƙudan na harbinsa bai damu ba, shi da bodari mai wari da wasu ire-irensu na ƙasashen sanyi duk gida ɗaya ne. Kuma gidan nan a dā ya fi haka yawa. Akwai waɗanda Allah ya halitta suka yi zamaninsu suka ƙare tun babu ɗan Adam a doron ƙasa, ba wanda ya taɓa ganinsu da rai, ba wanda ya san launin gashinsu. Sai dai wani ya mutu a bakin tabki, laka ta rufe shi, shekaru dubu dubbai suka bi ta kai har ƙashin ya sha ƙasa ya zama dutse. Daga haƙori ake gane danginsu da abin da suke ci. Wannan, in ji shi, ba lalle ne a ce shi ya haifi dagenmu kai tsaye ba, amma ɗan'uwan kakanninsa ne na kusa.

Ni da ya kamata in yi shiru har shekara mai zuwa, sai bakina ya suɓuce. Na ce, “Ashe ya kai jaki girma ke nan!”

Dattijon ya ce, “A'a, ɗana. Kamar babban kare dai.”

Oga ya ce, “Tafinta, ko a nan ma sai ka ƙara?”

Mai zuman ya ce shi dai ya gode wa Allah da ya kashe wannan iri tun da wuri, da yana nan da ba amya kaɗai ba, har mai amyar zai haɗa. Wata tsohuwa daga taga ta tambaya ko in an kankare ɗan garinsa yana maganin tsoro, tana da jika matsoraci. Dattijon ya yi maza ya mayar da audugar.

Saura cike takardar shiga. Oga ya buɗe littafinsa ya duba jerin kaya. Ba dabba mai rai ba ce, ba fata ba ce, ba nama ba ne, ba kuma dutsen gini ba. Ya yi ta juya biro. Daga ƙarshe ya turo mini takardar ya ce, “Rubuta da Hausa, wadda muka tabbata kana ji.” Na rubuta da manyan baƙi: Kakan dage, guda ɗaya, ba na sayarwa ba. Oga ya buga hatimi da ƙarfi har tebur ya girgiza, dattijon ya yi wuf ya dafe akwatinsa.

Oga da kansa ya tsayar da wata ƙaramar mota mai zuwa Katsina, ya sa aka ba dattijon gidan gaba, ya gargaɗi direban cewa in ya faɗa rami ko ɗaya zai ji labari. Ni na riƙe masa jaka har bakin mota. Na durƙusa na ce, “Baba, ka yafe mini. Na kusa ɓata maka aikin wata bakwai.”

Ya daidaita akwatin a cinyarsa, ya dafa kaina ya ce, “Ba komi, ɗana. Ni na ga masu karatu da yawa a wurin Mushe. Wanda ya fi su sani duka, shi ya fi yawan cewa bai sani ba. Yau ka faɗe ta sau guda gaban jama'a, ka ga ba ka mutu ba.”

Ban mutu ba kam, amma na ji jiki. Oga ya samo wani ɗan Maraɗi da ya yi makaranta ya zama tafinta na gaske, ni na koma cike takardun Turanci da Hausa. Wata uku cur in na shigo kasuwa sai 'yan kamasho su ɗaga hannu sama su ce kada in harbe su. Har yau akwai tsofaffin direbobi da in sun gan ni sai su ce, “Mushe, yaya bindiga?” Ni kuma in ce tana nan lafiya, haƙoranta sun cika.

Ban sake ganin dattijon ba, an ce ta wata hanyar ya koma. Ban san abin da awon Zariya ya nuna ba, kuma kun ga yanzu ina iya faɗin haka ba tare da gumi ya karyo mini ba. Ƙarin gishiri dai ban daina ba, a jinina yake, matata ta gaji ta bar ni. Amma tun daga ranar na raba abu biyu. In hira ake a majalisa, ɓera zai ci gaba da zama ɗan akuya, babu wanda zai yi asara. In kuwa mutum ya miƙo mini abin da ya dogara da shi ya ce in duba masa, to abin da na gani shi zan faɗa, in ban gane ba in ce ban gane ba. Dabbar nan ta kwanta a cikin ƙasa tun kafin a halicci mutum, ruwa bai cinye ta ba, dutse bai murƙushe ta ba, ta tsallake teku da hamada lafiya lau. Abin da ya kusa hallaka ta shi ne wani saurayi mai biro uku a aljihu da ya ji kunyar cewa bai sani ba.